Rufaffen Layi ko Mai Ɓullewa: Yadda Ake Tsara Titunan Sabuwar Unguwa

Gida ana rushe shi a sake, kwalta ana kankare ta a zuba sabuwa, amma inda aka ja layin titi a taswira nan zai zauna shekaru ɗari ko fiye, domin da zarar an sayar da fulotai an kafa iyakoki, buɗe sabuwar hanya sai da biyan diyya da shari'a. Shi ya sa mai tsara unguwa yake fara warware maganar tituna kafin girman fuloti. Tun ran gini, ran zane.

Muhawarar da aka saba ita ce: a yi rufaffun layuka, waɗanda ake shiga ta baki ɗaya a juyo a fita ta nan, ko a yi layuka masu ɓullewa ta kowane ɓangare? Ɗora tambayar a kan unguwa gaba ɗaya kuskure ne. Abu huɗu ne ke bin titi: mota, mai tafiya a ƙasa ko a keke, motocin agaji da na shara, sai ruwa, na bututu da na sama. Mota kaɗai ce ake iya tsare wa hanya a ci riba. Sauran ukun duk inda aka tsare su, sai an biya.

Abin da kowanne yake saye da abin da yake sayarwa

Rufaffen layi ba don ado aka ƙirƙiro shi ba. A Ingila sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 1906 kafin Raymond Unwin da Barry Parker su sami damar yin irinsa a unguwar Hampstead Garden Suburb, saboda dokokin gini na lokacin ba su yarda da shi ba. A 1929 Clarence Stein da Henry Wright suka gina Radburn a jihar New Jersey ta Amurka: mota na shiga gajerun rufaffun layuka, amma kowane gida yana da wata ƙofar da ke fita kan hanyar ƙafa da filin shaƙatawa, har da hanyar da ta bi ta ƙarƙashin titi. Daga 1936 hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin Amurka ta riƙa fifita lanƙwasassun tituna da rufaffun layuka a ƙa'idojinta, masu gine-gine suka bi. Sai dai sun kwafi rabin Radburn ne, suka ɗauki rufaffen layin suka watsar da hanyar ƙafar. Yawancin laifin da ake ɗora wa rufaffen layi a yau daga wannan rabin aikin ya samo asali.

Ribarsa a fili take. Motar da ba ta da hulɗa da layin ba ta shigowa. Binciken Donald Appleyard a tituna uku na San Francisco wajen 1970 ya nuna mazaunin titin da motoci kusan 2,000 ke bi a rana yana da abokai uku a layinsu, na titin motoci 16,000 kuwa bai kai ɗaya ba a matsakaicin lissafi. Ta fuskar sata, binciken Shane Johnson da Kate Bowers na 2010 a yankin Merseyside na Ingila ya sami ƙarancin fasa gidaje a rufaffun layuka idan aka gwada da tituna masu yawan mahaɗa.

Asararsa kuma ba a layin take bayyana ba, a bakin unguwa take. Kowace mota dole ta bi ta hanya guda, sai babban titi ya cika ya yi faɗi ya yi gudu, kuma a nan ake mummunan haɗari. Wesley Marshall da Norman Garrick sun duba birane 24 a California, suka ga waɗanda mahaɗun titunansu suka fi yawa sun fi ƙarancin mutuwa a haɗarin mota. Wato layin ya yi lafiya, amma yaron da zai tsallaka babban titi zuwa makaranta shi ya ɗauki nauyin.

Mataki na farko: karanta filin kafin ka ja layi

Sa safiyo ya kawo taswira mai nuna tudu da gangare, a tazarar tsayin ƙasa ta rabin mita ko mita ɗaya. A kanta ka yi alamar duk abin da titi ba zai ƙetare cikin sauƙi ba: rafi, fadama, gangare mai tsanani, layin dogo, babbar hanyar da ba a yarda a buɗe mata sabon baki ba, da gidajen da aka riga aka gina a kan iyaka. Waɗannan wuraren su ne halastaccen mazaunin rufaffen layi. Inda fili ya miƙe sumul babu shinge, sai ka sami hujja mai ƙarfi kafin ka rufe titi.

Sannan ka yi alamar kowane titi da ya zo ya tsaya a kan iyakar filinka daga maƙwabta, da inda makaranta, kasuwa, asibiti da tashar motar haya suke, ko da a wajen filin ne.

Mataki na biyu: lissafa motoci da yawan ƙofofin unguwa

Alƙaluman injiniyoyin sufuri na Amurka suna ba gida guda kimanin tafiyar mota 10 a rana, shiga da fita, kuma kusan kashi 10 cikin ɗari na faɗowa a sa'ar da ta fi cunkoso. Inda mallakar mota bai kai haka ba a rage adadin, amma a tuna unguwa na daɗewa kuma motoci ƙaruwa suke yi.

Ɗauki gidaje 120. Tafiya 1,200 ke nan a rana, 120 a sa'ar cunkoso. Idan ƙofa ɗaya ce, mota biyu duk minti suna jiran samun sarari a babban titi, kuma gidajen da ke kusa da ƙofar suna zaune a kan titi mai motoci 1,200 alhali an sayar musu da sunan unguwa mai shiru. Da ƙofa uku, kowace ta ɗauki kamar 40 a sa'a. Rufaffen layi mai gida 20 kuwa tafiya 200 ce a rana, mota ɗaya duk minti uku a lokacin da ya fi cika.

Kundin ƙa'idar kashe gobara da jihohi da yawa na Amurka ke bi ya ce rukunin gidaje da ya haura 30 yana buƙatar hanyoyin shiga biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta gaza rabin tsawon filin daga kusurwa zuwa kusurwa. Sharaɗi na biyun ya fi na farko muhimmanci: ƙofa biyu da ke dab da juna, ambaliya ɗaya ko tirela ɗaya da ta faɗi tana toshe su tare. Gobarar dajin da ta cinye garin Paradise a California a Nuwamban 2018, wadda ta kashe mutum 85, ta nuna abin da ke faruwa idan jama'a da yawa suka dogara da hanyoyin fita kaɗan.

Mataki na uku: kafa ƙashin bayan unguwa da tituna masu ɓullewa

Fara da titunan da za su ratsa unguwar su haɗe da na maƙwabta. Hukumar yankin Portland a jihar Oregon ta ɗora tazarar da ba ta wuce ƙafa 530, kimanin mita 160, tsakanin mahaɗar titi da ta gaba, kuma inda titi ba zai yiwu ba, a sa hanyar ƙafa da keke duk ƙafa 330, wato mita 100. Ba dole ka bi wannan daidai ba, amma idan jerin gidaje ya wuce mita 200 babu inda mutum zai ratsa, ka tilasta wa mutane hawa mota don ɗan aike.

Akwai tsarin da Fanis Grammenos ya fito da shi a hukumar gidaje ta Kanada a farkon shekarun 2000 wanda ya dace da mai son amfanin ɓangarorin biyu. Ana raba fili yanki-yanki, kowane kimanin mita 400 a tsaye da kwance. Tituna masu ɓullewa suna zagaye kowane yanki, a ciki kuwa rufaffun layuka ne da masu siffar takalmin doki, wato kamar harafin U, dukkansu suna haɗuwa ta hanyoyin ƙafa da ƙananan filaye a tsakiya. Mai ƙafa ya ratsa a minti biyar, mai mota ya zagaya. Garin Houten na Holan ya yi irin wannan a matakin gari sukutum: mota sai ta fita titin zobe kafin ta shiga wata unguwar, keke kuwa kai tsaye yake ratsawa.

Titi mai ɓullewa yana da cutarsa, ita ce masu yanke. Da zarar direbobi, ko manhajar taswira a wayarsu, suka gano layin unguwa ya fi babban titi sauri, an gama. Maganin a zane yake. Kada layin unguwa ya miƙe sambal daga babban titi zuwa wani babban titi. Karya shi da mahaɗa mai kafa uku: mahaɗar kafa huɗu tana da wurare 32 da hanyoyin motoci ke iya cin karo, mai kafa uku tana da 9 kacal. Idan za ka goce mahaɗa biyu masu fuskantar juna, bar aƙalla mita 40 zuwa 45 tsakanin tsakiyarsu, in ba haka ba direbobi za su riƙa yanka ta a karkace. Kundin tsara titunan unguwa na Birtaniya na 2007 ya ce don a riƙe gudu a mil 20 a sa'a, kimanin kilomita 30, sai an sami abin da zai sa direba ya sassauta duk mita 70: kwana, matsewar titi, mahaɗa ko tudun rage gudu. Faɗin kwalta mita 5.5 zuwa 6 ya ishi layin unguwa, a ƙara mita 2 inda za a riƙa fakin a gefe. Titi mai faɗin mita 10 a gaban gidaje, allon gargaɗi ba ya hana gudu a kansa.

Mataki na huɗu: zana rufaffen layin da kansa

Nan ne aka fi yin aika-aika, don haka sai a bi a hankali.

Tsawo. Portland ta tsaya a ƙafa 200, kimanin mita 60, da gidaje 25. Wurare da yawa suna barin har mita 150 zuwa 180. Mizani mai kyau shi ne wanda ya tsaya a bakin layi ya hango ƙuryarsa, gidaje kuma kada su wuce 20 zuwa 25. Kada ka taɓa reshe rufaffen layi daga wani rufaffen layin. Tsawon da motar agaji ta sani ana auna shi ne daga mahaɗa ta ƙarshe mai mafita biyu.

Wurin juyawa. A kundin gobara na Amurka, duk rufaffen layin da ya wuce ƙafa 150, mita 46, sai an yi masa wurin juyawa: da'ira mai faɗin ƙafa 96, kimanin mita 29, ko mai siffar kan guduma, wato kamar harafin T, mai tsawon ƙafa 120, kusan mita 37. Faɗin layin zai zama ƙafa 20 har zuwa tsawon ƙafa 500, ya koma ƙafa 26 daga nan zuwa 750, abin da ya haura haka sai da izini na musamman. A Ingila motocin sun fi ƙanƙanta: da'irar mita 16.8 tsakanin dakalin gefe da gefe, motar kashe gobara ba ta yin ribas fiye da mita 20, ta shara kuma ana so kada ta wuce mita 12. Bambancin mita 29 da 16.8 ya isa ya nuna maka cewa ba a kwafo adadi daga littafin wata ƙasa. Je ka sami tsawo da da'irar juyawar babbar motar da za ta shiga layin a zahiri, ka gwada sawun tayoyinta a kan zanen, sannan ka kai wa hukumar kashe gobara ta sa hannu kafin a kafa ko turke ɗaya.

Kwaltar da da'ira ke ci. Da'irar mita 29 tana cin kimanin murabba'in mita 670, daidai da titin mita 6 mai tsawon mita 110. Masu cewa rufaffen layi yana rage kuɗin titi sukan manta da wannan. A gajeren layi da'irar tana iya fin layin kansa cin kwalta. Tsibiri mai faɗin mita 12 a tsakiya yana rage kusan murabba'in mita 113, yana shan ruwan sama, yana kuma hana motoci fakin barkatai a tsakiya. A yi masa dakali mai kwanciya wanda tayar babbar mota za ta iya hawa. Kan guduma ya fi arha, amma dole a yi ribas, don haka ya fi dacewa da layi mai gidaje goma ko ƙasa, kuma kada ƙofar garejin kowa ta buɗe a cikin hannayensa, domin ranar da aka ajiye mota a wurin ya daina aiki.

Fulotan ƙurya. Siffarsu tsukakken gaba, faffaɗan baya. Biyar ko shida ne ke zagaye da'ira cikin walwala. Idan aka cusa takwas, mashigan motoci sun cinye dakalin duka, babu wurin baƙo, babu wurin kwandon shara, babu wurin bishiya, sai a koma fakin a cikin da'irar, motar shara ta zo ta kasa juyawa ta fita da baya, a daidai wurin da yara suka fi wasa. A auna faɗin fuloti a layin da gini zai fara, a kuma ware wurin fakin baƙi a miƙaƙƙen ɓangaren layin.

Idan filin ya ba da dama, haɗa ƙuryar layuka biyu su zama takalmin doki. Baƙuwar mota ba ta da dalilin shiga, babu mai yin ribas, bututun ruwa kuma ya zagaya.

Mataki na biyar: buɗe ƙuryar ga mai ƙafa

Gida biyu na iya haɗa katangar baya amma tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa ta kai kilomita. Tun a taswira, cire tsiri mai faɗin mita 4.5 zuwa 6 tsakanin fulotai biyu na ƙurya, a shimfiɗa mita 3 a tsakiya, ya fita zuwa layi na gaba, fili ko tasha. A rubuta shi a matsayin hanyar jama'a. Idan aka bar shi a takardar wani, watarana zai ja katanga.

A nan akwai gaskiyar da masu son haɗewa ba su cika faɗa ba. Binciken da aka yi a Birtaniya kan fasa gidaje ya nuna rufaffen layi mai ɓoyayyar hanyar ƙafa ta bayan gidaje yana cikin waɗanda ɓarayi suka fi so. Saboda haka yadda aka yi hanyar shi ne komai. Ta zama gajeriya, miƙaƙƙiya, wanda ke wannan baki ya hango wancan. Kada ta bi tsakanin dogayen katangu biyu. Tagogin gidajen gefe su kalle ta, shingen ya zama gajere ko mai ramuka, a sa fitila a baki da baki. Turakun hana mota a bar mita 1.5 tsakaninsu don keken guragu ya wuce. Kuma ta kai mutum wani wuri da ake zuwa. Hanyar da ba kowa ke bi ba gara babu ita. Inda ake son ta zama ƙofa ta biyu ga motar agaji, a faɗaɗa ta zuwa mita 6, a yi mata daɓen da zai ɗauki nauyin motar, da turaku masu cirewa.

Mataki na shida: ruwa

Bututun da ya mutu a ƙuryar layi ruwa na kwana a cikinsa, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ya ƙare, laka ta taru, gidajen ƙarshe su riƙa samun ruwa mai wari da launi. In bututun ya fashe a baki kuma, layin duka ya bushe. A zarce da shi ta ƙarƙashin hanyar ƙafar nan ya haɗe da na layin gaba. In ba hali, a sa bakin wankewa a ƙarshensa, a kuma san wanda zai riƙa buɗe shi.

Ruwan sama ya fi wannan haɗari. So samu rufaffen layi ya hau tudu daga bakinsa, ruwa ya gangaro ya fita. Idan ƙuryar ce a ƙasa, ta zama kwano: ranar da shara ta toshe magudana, ruwan ba shi da mafita sai falon gidan da ya fi ƙasa. Dole a bar masa buɗaɗɗiyar hanya a saman ƙasa tsakanin fulotai biyu, wadda ba a gini a kanta, a kuma ɗaga daɓen gidajen ƙurya sama da bakin wannan hanyar. Gangaren kwatar da ta zagaye da'ira kada ya gaza kashi 1 cikin ɗari, domin a lanƙwasa ƙaramin kuskuren magini ya isa ya kwantar da ruwa.

Mataki na bakwai: auna zanen da lissafi

Ƙirga guntayen titi da ke tsakanin mahaɗa da mahaɗa, ka raba da yawan mahaɗu haɗe da ƙuryoyin rufaffun layuka, ban da mahaɗar da ke kan titin wajen unguwa. Misali, titi ɗaya da ya mutu a ƙarshe, da rufaffun layuka huɗu a jikinsa: guntaye 9, mahaɗu da ƙuryoyi 9, sakamako 1.0. Ɓullar da titin da ya mutun, ya zama 9 bisa 8. Haɗa biyu daga layukan su zama takalmin doki, 8 bisa 6, wato 1.33. Haɗa sauran biyun, 7 bisa 4, wato 1.75. Hukumomi da dama suna neman 1.4 zuwa sama. Jihar Virginia ta sa irin wannan ma'auni a 2009 a matsayin sharaɗin karɓar sabbin tituna cikin waɗanda gwamnati ke gyarawa, ko da yake an sassauta shi bayan shekara biyu. Ma'aunin yana da sauƙin yi wa wayo, don ana iya tara ƙananan mahaɗu a lungu ɗaya alhali unguwar ƙofarta ɗaya.

Saboda haka ka ƙara gwaji na biyu. Zaɓi gidaje goma mafi nisa, auna tafiyar ƙafa daga kowanne zuwa makaranta, shago da tasha, ka raba da tazarar kai tsaye. Abin da ya haura 1.5 yana nuna akwai inda ya kamata a huda. Tafiyar minti goma kimanin mita 800 ce. Gwaji na uku: ɗora yatsa a kan kowane guntun titi ka ɗauka an toshe shi, ka ƙirga gidajen da motar asibiti ba za ta kai gare su ba. Duk inda adadin ya wuce 30, koma kan zanen.

Titin da aka bari don gobe

Inda filin maƙwabci bai ginu ba tukuna, kai titi har kan iyaka ka tsayar da shi a can, aƙalla ɗaya a kowane ɓangare. Kada a bar ko tsirin mita ɗaya a hannun mai sayar da fulotai tsakanin ƙarshen kwalta da iyaka, don da shi ake garkuwa a hana haɗewa. A yi masa wurin juyawa na wucin gadi, a kai bututun ruwa da magudana har ƙarshe a toshe. Sai a kafa allo mai cewa wannan titin za a zarce da shi, a rubuta hakan a taswirar da aka yi wa rajista da takardar kowane fuloti da ke layin. Mutanen da suka shekara goma suna zaune a layin da suka ɗauka rufaffe ne za su yi tsaye a hana buɗe shi, kuma idan babu rubutu, galibi su ke yin nasara. Faɗinsa da kwanoninsa a zana su tun yau daidai da motocin da zai ɗauka bayan an buɗe, gidajen da ke kansa kuma a ja su baya gwargwadon haka.